Herod Atikus na Atina: shin kyauta tana biyan bashi?

Yau za mu yi nisan tafiya zuwa ƙasar Girka, mu kuma koma baya da shekaru sama da 1800. Mutumen da za mu yi zance a kansa sunansa Herod Atikus. Kada a gama shi da sarki Hirudus na ƙasar Falasɗinu, suna ne kawai ya zo ɗaya. An haife shi wajen shekara ta 101 bayan haihuwar Annabi Isa, a garin Maraton, kimanin kilometir 40 daga birnin Atina, ya rasu wajen shekara ta 177. A zamaninsa babu wanda ya kai shi dukiya a ƙasar Girka, kuma kaɗan ne sunka kai shi iya magana gaban jama'a. Littattafai da dama sun naɗa masa rawanin mai alheri, don kuwa har yau gine-ginen da ya yi wa mutane suna nan tsaye. Ni dai ra'ayina shi ne, kafin a naɗa wa mutum irin wanga rawani, ya kamata a buɗe littafin lissafi a ga abin da ya bayar, a ga kuma abin da ya riƙe.

Lokacin da anka haife shi, Girkawa sun daɗe ba su da ikon kansu. Rumawa sun rushe birnin Koranti a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa, sun kuma washe Atina a shekara ta 86. Sun bar wa Atina majalisarta da alƙalanta da bukukuwanta, har ana kiranta birni mai ƴanci, amma magana ta ƙarshe a Rum take. Mu da iyayenmu sunka san mulkin mallaka ba sai an yi mana dogon bayani a kan irin wanga ƴanci ba. Baitulmalin birni ya rame, manyan ayyuka sun koma hannun babban sarkin Rum da hannun ƴan tsirarun gidaje masu arziki waɗanda sunka iya zama da masu mulki.

Gidan su Herod na cikin waɗanga gidaje. Kakansa Hiparkus ya tara dukiyar da har a Rum ake misali da ita, sai sarki Domisiyan ya ƙwace ta, bisa zargin yana neman ya mai da kansa sarki a Atina. Bayan mutuwar Domisiyan a shekara ta 96, uban Herod, mai suna Atikus, ya ce ya tsinci wata babbar taska binne cikin wani gidansa. Ya rubuta wa sabon sarki Nerba yana tambaya yadda zai yi da ita, sarki ya ce ya mora. Ya sāke rubutawa cewa ta fi ƙarfinsa, sarki ya ce to ya yi almubazzaranci da ita, rabonsa ce. Haka Filostarat ya ba da labari, shi ne marubucin da ya tsara tarihin Herod kimanin shekara 60 bayan rasuwarsa. Masana da yawa na zamaninmu suna ganin taskar ba tsintuwa ba ce, dukiyar tsoho ce da anka ɓoye har hadari ya wuce. Ni ma can hankalina ya fi kwanciya, don ban taɓa jin taska ta zaɓi gidan ɗan wanda anka yi wa ƙwace ba, kuma daidai lokacin da mai ƙwacen ya mutu.

Uban bai yi rowa wajen ilimin ɗansa ba. A wancan zamani babban ilimi shi ne fasahar magana: a ba mutum batu nan take, ya miƙe ya yi jawabi cikin tsohon harshen Atina na shekaru 500 da sunka wuce, ba gargada, ba kuskuren kalma. Jama'a kan cika dandali don sauraro kamar yadda ake cika filin kokowa. Herod tun yana saurayi anka tura shi ya yi jawabi gaban sarki Adiriyan, sai magana ta ƙwace masa, kunya ta sa ya nufi kogin Danub kamar zai faɗa ciki. Daga baya ya ƙware har ya zama malamin malamai. Ya taɓa aika wa wani gwanin magana mai suna Polemon darakma 150.000 ladan jawabansa, Polemon ya ƙi karɓa, sai da anka cika 250.000. Sarki Antonin ya ɗauke shi ya koyar da yarima biyu, Mark Orel da Lusiyus Berus, waɗanda dukkansu sunka hau gadon sarautar Rum a shekara ta 161. A shekara ta 143 anka ba shi muƙamin kwansul, wanda ba a cika ba Bagirke ba. Ku riƙe wanga zance na almajirancin Mark Orel, za mu sāke gamuwa da shi har sau uku.

Bari in fara da abin da ba ni da ja a kansa, wato ruwa. Wajen shekara ta 135, yana mai duba biranen ƙasar Asiya, ya tarar da mutanen Torowas suna ɗibar ruwan laka daga rijiyoyi suna tarbar ruwan sama. Ya roƙi sarki Adiriyan, anka ware darakma miliyon 3 don jawo ruwa. Aiki ya ci miliyon 7. Da masu kula da kuɗin sarki sunka kai kuka, uban Herod ya biya miliyon 4 da sunka haura daga aljihunsa. Ma'aikacin da ya ninka kuɗin aiki fiye da sau biyu ya cancanci tambaya, amma dai gari ya sha ruwa. Haka kuma a Olimpiya, inda ake babban wasa kowace shekara 4 a tsakiyar zafi, dubban mutane kan taru babu isasshen ruwan sha, har cuta ta riƙa kashe wasu. Wajen shekara ta 153 Herod ya jawo ruwa daga nesa ya gina babbar maɓuɓɓuga. Wani mai wa'azin gudun duniya, Peregirinus, ya tashi yana zaginsa wai ya lalata Girkawa, ya hana su koyon jimirin ƙishirwa. Marubuci Lusiyan ya ce yana zagin yana shan ruwan, kuma saura kaɗan jama'a su jefe shi. A nan ina tare da jama'a. Wanda bai taɓa kwana da ƙishi ba shi ke raina mai gina rijiya.

Ya yi wasu ayyukan da dama: filin wasa a Delfi, gidan waƙa a Koranti, wuraren wanka na marasa lafiya a Termopil, hanyar ruwa a wani gari na ƙasar Italiya. Har ya so ya yanke wuyan ƙasa na Koranti don jiragen ruwa su wuce, bai samu yi ba. Sai a shekara ta 1893 anka buɗe wagga mashiga.

To, ga inda zancen ya karkace. Atikus ya rasu wajen shekara ta 138, ya bar wasiyya cewa a riƙa ba kowane ɗan birnin Atina mina 1, wato darakma 100, kowace shekara. Herod bai ji daɗin wagga wasiyya ba. Ya zargi ƴantattun bayin ubansa da cewa su sunka zuga tsoho, don su samu gindin zama wurin talakawa, ya kuwa sa musu ƙafar wando ɗaya. Sannan ya kawo wa jama'a shawara: maimakon mina 1 kowace shekara, kowa ya karɓi mina 5 sau ɗaya, zance ya ƙare. Duk wanda ya iya lissafi ya san an sayi haƙƙin dukan rayuwa da kuɗin shekara 5. Amma talaka da kuɗi a hannu, sunka yarda. Ranar biya mutane sunka yi layi gaban teburan masu canjin kuɗi, sai anka fito musu da tsofaffin takardun bashin da iyayensu da kakanninsu sunka ci a gidan Atikus. Anka cire bashi daga rabon kowa. Wasu sunka tafi da ɗan abin da ya rage, wasu hannu wofi, wasu kuma anka tsare su a kasuwa wai su ne ma za su ciko.

Jim kaɗan bayan haka Herod ya yi wa birni alkawarin filin wasa na farin dutsen marmara, ya kuwa gama shi cikin shekara 4, mai ɗaukar mutum kimanin 50.000. Ana kiran filin da sunan babban bikin birni, sunan da ma'anarsa ita ce “na dukkan mutanen Atina”. Mutanen gari sunka ce lalle suna ya dace, tun da da kuɗinsu su duka anka gina shi.

Wasu masana suna cewa dokar Rum ta ba Herod ƙofa, don ba ta tilasta wa magaji ya cika irin wagga wasiyya ga waɗanda ba ƴan ƙasar Rum ba. Wasu kuma suna cewa bashi ai bashi ne, ko na kaka ne. Na ji, kuma ban ce ya karya doka ba. Abin da nake cewa shi ne, ya ɗauki abin da mutane za su karɓa da sunan haƙƙi, ya mayar musu da shi da sunan kyauta. Bambancin ba ƙarami ba ne. Mai karɓar haƙƙinsa ba ya durƙusawa, yana iya ƙirga kuɗin gaban mai biya, in sun kasa ya yi magana. Kuma shi ke zaɓen abin da zai yi da su, ko hatsi, ko jinya, ko auren ɗiya. Mai karɓar kyauta kuwa sai godiya, ba ya tambayar nawa anka kashe, ba a kuma shawarce shi ko filin wasa ne ya fi damunsa ba. Da Herod ya cika wasiyyar, da sunan ubansa za a riƙa ambata kowace shekara. Da ya gina filin, sunansa shi anka sassaƙa bisa dutse.

Aikina fassara ne, kuma na sha wuya da kalmar da Girkawa ke kiran irin waɗanga attajirai da ita, wato “ewergetes”. A zahiri ma'anarta mai aikin alheri. Na gwada sadaka, ba ta zauna ba, don mai sadaka ba ya jiran sakayya daga wanda ya ba. Na gwada kyauta, ita ma ta yi sauƙi da yawa. Abin da ya fi kusa shi ne bukin da mata ke kai wa juna ranar aure ko suna, wanda ake riƙe lissafinsa don a rama. Birni yana ramawa da gunkin mutum a dandali, da kujerar gaba a wurin biki, da muƙami, da kirari. Abu na ƙarshe da ake ramawa da shi ba a rubuta shi bisa dutse: shiru. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Mutanen Atina dai ba duka sunka yi shiru ba. Wajen shekara ta 140 anka yi wata shari'a a Rum da ta shafi Herod, kuma lauyan ɗaya ɓangaren shi ne Foronto, wanda shi ma malamin Mark Orel ne. Wasiƙun da sunka yi musanya sun ɓace ƙarnuka da yawa, sai a shekara ta 1815 anka fara gano su a birnin Milan, ƙarƙashin wani rubutu da anka yi a kansu. A ciki ana ganin yarima yana roƙon Foronto ya sassauta harshe. Foronto ya amsa cewa zai yi ƙoƙari, amma ƙarar da kanta ta ƙunshi ƴantattun mutane da anka daka anka washe, har ɗaya ya mutu, da ɗan da bai girmama roƙon ubansa ba. Shari'ar ba ta rage Herod da kome ba, tun da ba a daɗe ba ya zama kwansul. Wanga shi ne karo na farko.

Karo na biyu ya fi muni. Herod ya auri Regila, ɗiyar wani babban gidan Rum mai dangantaka da gidan sarauta, tana yarinya ƴar wajen shekara 14, shi kuwa yana kusan 40. Wajen shekara ta 160 ta mutu da cikin wata 8. Ɗan'uwanta Baraduwa, wanda ke riƙe da muƙamin kwansul a shekarar, ya kai ƙara cewa Herod ne ya sa wani ƴantaccen bawansa mai suna Alkimedon ya buge ta saboda wani ƙaramin laifi, bugun ya same ta a ciki. Herod ya musanta, ya yi wa surukinsa ba'a gaban shari'a, anka sallame shi. Filostarat, wanda ke ƙaunarsa ƙwarai, yana ganin ƙazafi ne, kuma babbar hujjarsa ita ce tsananin makokin da Herod ya yi: ya baƙanta gidansa duka da labule da fenti da baƙin dutse, ya kai kayan adonta wurin bauta, ya kuma gina babban gidan waƙa a gindin dutsen Akoropol don tunawa da ita, mai kujeru kimanin 5.000, da rufin itacen al'ul. Ba ni da ikon yanke hukunci a kan abin da ya faru cikin gida shekaru 1800 da sunka wuce. Sai dai yawan kuka ba shaida ba ne, kuma Alkimedon ya ci gaba da zama na hannun daman maigidansa shekaru da dama bayan haka. Mijin da ya gina wa matarsa gini mai kujeru 5.000 bai kori mutumen da anka ce shi ya buge ta ba.

Akwai wani labari na gidansa da zai ba masu koyon karatu sha'awa. Ɗansa, shi ma Baraduwa, ya kasa riƙe baƙaƙe. Herod ya tara yara 24 sa'o'insa, daidai adadin baƙaƙen Girkanci, ya raɗa wa kowane sunan baƙi ɗaya, don yaro ya koya ta wajen kiran abokan wasansa. Dabarar ta yi kyau, ko malamin lakwal na yau ba zai raina ta ba. Amma uban bai taɓa yafe wa ɗan rashin kaifin kai ba, a ƙarshe ma ya hana shi gadon dukiyarsa, ya bar shi da ta uwarsa. Wanda anka raina ɗin ya rayu har ya zama kwansul a shekara ta 185. Ƙaunar Herod ta koma ga wasu samari uku da ya rena, Polidekiyon da Ashil da Memnon. Shi Memnon baƙar fata ne ɗan Afirka, kuma kan gunkinsa yana ajiye a gidan tarihi na Berlin. Dukkansu sun riga shi mutuwa. Ya cika gonaki da bakin rafuka da gumakansu, ya sa anka rubuta la'ana a kan duk wanda ya taɓa su. Da wasu ƴan'uwa biyu, su Kintili, waɗanda ke riƙe da mulkin Girka da sunan Rum, sunka ce abin ya yi yawa, ya ce ina ruwansu da yadda yake wasa da duwatsunsa. Wagga amsa ta nuna yadda yake kallon al'amarin duka, har da abin da ya gina wa jama'a.

Karo na uku ya zo wajen shekara ta 174. Mutanen Atina sunka gayyaci su Kintili majalisa, sunka ce azzalumi ya danne su, a kai kukansu gaban sarki. Shugabanninsu, Demostarat da wasu biyu, sunka sulale zuwa Sirmiyum, a ƙasar Sarbiya ta yau, inda Mark Orel ya kafa sansanin yaƙi. Herod ma ya zo da jama'arsa. Ana gab da shari'a sai tsawa ta faɗa kan hasumiyar da ya sauka, ta kashe tagwayen ɗiyan Alkimedon, ƴan mata biyu da ya rena kamar nasa. Ya shiga gaban sarki hankali a tashe. Gwanin magana na duniya bai yi jawabi ba, sai ya dinga zargin sarki da butulci, yana cewa an sayar da shi don a faranta wa mace da ƙaramar yarinya rai, don kuwa sarauniya da ƴarta mai shekara 3 sun roƙa wa mutanen Atina. Shugaban dogarai ya ce wagga magana ta isa a kashe mutum. Herod ya ce tsoho ba ya tsoron abu da yawa, ya fice tun agogon ruwan da ake auna masa lokaci bai ƙare ba.

Mark Orel bai yi fushi ba. Ya ce wa mutanen Atina su ci gaba da ƙararsu, kuma da anka karanta abubuwan da anka yi musu, sai da ya zub da hawaye gaban kowa. Daga nan ya hukunta ƴantattun bayin Herod, hukunci mai sauƙi, ya kuma ƙyale Alkimedon saboda rashin da ya yi. Shi maigidan ba a taɓa shi ba. Hausawa kan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma na daɗe ina zargin fadawa ba su ne sunka ƙago wanga karin magana ba. Ana yabon Mark Orel da adalci da haƙuri, ba kuwa a banza ba. Amma a nan hawayensa sun tabbatar an yi zalunci, hukuncinsa kuma ya tsaya kan yaran gida. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Herod ya yi ɗan zama a garin Orikum, nesa da Atina. Sarki ya rubuta wa mutanen birni doguwar wasiƙa, wadda anka sassaƙa bisa marmara, anka kuma tono ta a Atina anka buga ta a shekara ta 1970. A ƙarshenta yana roƙonsu su sulhunta da malaminsa. Roƙon sarki umurni ne. Da Herod ya komo, anka fita tarbarsa da jerin gwano.

Mai karatu na iya cewa: to, duk da haka wa ya ci riba? Darakma 100 na kowace shekara da tuni an cinye an manta, ga shi kuwa gidan waƙar Regila, wanda mahara sunka ƙona a shekara ta 267, an gyara shi a shekarun 1950 ya koma wurin taro. Filin wasan ma an sāke gina shi da kuɗin wani attajirin Bagirke, Aberof, anka yi wasannin Olimpik na farko na zamani a cikinsa a shekara ta 1896. Gaskiya ne. Amma wanga lissafi namu ne, mu da munka zo daga baya muna kallon dutse. Mutumen da anka tsare a kasuwa saboda bashin kakansa ba a tambaye shi ko ya yarda ya yi mana wagga sadaukarwa ba. Ba kuma dole ne sai an hana shi sannan a yi ginin ba, don dukiyar ta isa duka biyu. Mutumen da ke biyan darakma 250.000 ladan jawabi ba rashi ne ya hana shi cika wasiyya ba. Abin da ya rasa shi ne wanda zai tsayar da shi ya ce kawo lissafi. Majalisar birni ba ta da ƙarfi, gwamna baƙo ne mai wucewa, sarki kuwa almajirinsa ne.

Wani abin mamaki, fasahar maganar da ya fi alfahari da ita kusan duk ta ɓace. Jawabi guda ne ya iso gare mu da sunansa, shi ma masana suna gardama ko nasa ne.

Ya rasu a Maraton yana da shekara wajen 76, bayan ciwon da ya ramar da shi. Ya bar wa ƴantattun bayinsa wasiyya su binne shi a can garinsu. Samarin Atina sunka zo sunka ɗauke gawar a kafaɗa zuwa birni, manya da yara sunka fito suna kuka kamar waɗanda sunka rasa uba, anka binne shi a filin wasan marmara. Wasiyyarsa shi ma ba a cika ta ba.